Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga biro da membobin ƙungiyarmu ta masu keke a Tahoua

Assalamu alaikum. Ina gaida Alhaji shugaba da mataimakinshi da ma'aji, da dattawanmu masu ba mu shawara, da ku samari da ƴan mata da ke fitowa da mu ran Lahadi da safe. Ya gida, ya ɗiya, ya haƙuri da zafi.

Wallahi na so in yi maganar ga a renyo, ido da ido, yadda ya dace ƙane ya yi ma yayyenshi magana. Amma sau 3 ke nan ina kiran renyo, na farko mu 5 munka zo, na biyu mu 4, na ukku kuwa ni da mai gadin lakwal ɗin da ke ara muna aji munka yi ta zama har anka kira magariba, shayin ma shi ya dafa muna, ya ce mani mushe ka tashi ka tai gida, mutanenka ba su zuwa. Shi ya sa na rubuta na saka a fili. Wanda ranshi ya ɓaci ya yi mani aikin gafara, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ƙarshen watan ga zan aje aikin sakatare. Ba fushi na yi ba, ba wanda ya zage ni, kuma ba na barin ƙungiya, duk Lahadi in Allah ya yarda za ku gan ni bisa kekena. Gajiya ce kawai, shekara 7 ina riƙe da kaye da kashe (hatimin ƙungiya) da makullin shago, kuma na lura cewa muddin ina riƙe da su ba wanda zai miƙo hannu, don kowa ya san mushe na nan zai yi. Laifina na ciki, ban iya cewa a'a ba, na saba ma mutane da cewa aiki na yin kanshi.

Ku tuna yadda munka fara. Bayan Tahoua Sakola na 2017, bikin ranar jamhuriya da anka yi garinmu, da anka gyara hanyoyin cikin gari anka sa fitilu, muna zaune fada muna shan shayi wani ya ce wagga gudro mai santsi haka ai ba don motocin manya kaɗai anka yi ta ba, mu ma muna da rabo. Keke 4 gare mu ranar, ɗaya ma ba ta da birkin baya. Munka fita wajen Founkoye munka dawo ana yi muna dariya, wai manyan mutane da gemu sun koma yara. Daga nan sai ɗalibai sunka fara bin mu, sai iyaye sunka fara kawo ɗiyansu da kansu, har munka ga ya kamata mu yi takardu kamar kowace ƙungiya. Ni na yi ta safa da marwa da dosiye har resepise, takardar shaidar rajista, ya fito, ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984. To cikin dokokin da mu da kanmu munka rubuta munka sa hannu, akwai layin da ya ce kowace shekara 2 a sake zaɓen biro. Alhaji, da girmanka, yaushe munka yi zaɓe? Tun na farko ba a sake ba. Ban ce kai ka hana ba, na sha jin ka kana cewa in da mai so ya zo ya amsa, amma ka san mutanenmu, ba wanda zai tashi gaban babba ya ce ni ina son kujerarka. Sai dai a tsaida rana, biro gaba ɗaya ya sauka, sannan mai so ya ɗaga hannu ba tare da kunya ba.

Kuma kafin kowa ya ɗaga hannun, bari in gaya maku mi ke cikin aikin, don da yawa sun ɗauka shugabancin sa-kai shi ne tsayawa gaba a hoto da jile mai ƙyalli. Daren Asabar kana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya da kredinka, don saƙon gurup ba wanda ke amsawa sai alamar babban yatsa. Kana tashi bayan sallar asuba ka cika jarka 2 da ruwa ka ɗaura bayan keke. In an fita kai ne na ƙarshe, kana bin yaron da ya fi kowa rauni, kana tura mashi baya a tudu, sauran sun isa sun huta har sun fara ɗaukar hoto kai ko rabi ba ka yi ba. In taya ta fashe kai ke zama cikin ƙaya da rana kana neman hujin. Ranar da wani yaro ya faɗi ya fasa haɓa ni na kai shi likita, ni na tsaya anka yi mashi ɗinki, kuma ni na je gidansu na durƙusa gaban uwarshi ina ba da haƙuri, tana kallona ba ta ce komi ba, wanga kallon har yau ina ganinshi. Ba wanda ya ɗauki hoton wannan. Kuma gobe da safe ina da aji na yara sama da abin da benci ke ɗauka suna jirana.

In ana maganar wanda ya riƙe ƙungiyar ga da gaske, ba ni ba ne ma. Baba mai faci ne, wanda ke zaune ƙarƙashin bedi bakin hanyar kasuwa. Sunanshi ba shi cikin biro, bai taɓa sa mayo, rigar ƙungiya, ba, bai iya karanta dokokinmu ba tunda da faransanci munka rubuta su, amma duk yaron da ya zo mashi ya ce daga ƙungiya yake sai ya yi mashi faci kyauta ko ya amshi dala 10 kawai, ya ɗaure mashi birki, ya zuba ma sarƙa baƙin mai, kuma ya zaunar da shi ya nuna mashi yadda ake yi don gobe. Yara nawa sunka koyi cire taya a hannunshi. Ranar keke ta duniya da ta wuce, da anka raba riguna, ko ɗaya ba ta kai gare shi ba. Ni na cire tawa na kai mashi da dare, ya yi dariya ya ce mi zan yi da ita, mai zai ɓata ta. Na ji kunya ƙwarai.

Tunda na taɓo ranar keke bari in faɗi abin da ke ci mani rai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaida 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, abu mai kyau, muna murna. Amma mu nan ta zama kamar sallar shekara, ranar ce kaɗai ake ganin wasu fuskoki. Mutum ya aro keke, ya sa riga, ya riƙe gefen bandarol, a yi hoto a sa Facebook, sai kuma baɗi. Haka ranar da wani porje ya aiko muna da takardar gayyata zuwa atelye na kwana 2, wurin mutum 2, anka ji akwai perdiyam, kuɗin da ake ba mahalarta kowace rana. Aradu mutanen da sunka yi wata 8 suna cewa aiki ya yi masu yawa duk sai ga su, har da gardama kan wa ya fi cancanta, har wani na tuna muna cewa shi memba ne tun farko. Ban ce kar a ci perdiyam ba, kowa na da iyali kuma buhun hatsi bai san kai ɗan sa-kai ba ne. Abin da na ce shi ne wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski. Waɗanda sunka je ko layi ɗaya ba su kawo muna ba na abin da anka koya, sai jaka da alƙalami da kaye.

Maganar kuɗɗi kuma, ma'aji yayana ne, na san gidanshi na san halinshi, ban zarge shi da ko dala ba, sau da yawa ma daga aljihunshi yake cikawa. Amma kotizasiyo dala 100 ce a wata, kuma ba memba ɗaya da zai iya gaya maka nawa ke cikin asusu yau. In mutane ba su ga lissafi ba sai su fara raɗe-raɗi, in sun fara raɗe-raɗi sai su daina biya, in sun daina biya sai ma'aji ya ji haushi ya ƙi kawo kaye, haka muke ta zagaye. Minti 5 ya isa a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita farkon kowane renyo, da Hausa, kowa ya ji.

Sai wani abu da ya kamata mu yi lissafi da shi, mu Adarawa ne. Ana gama girbi samari sun ɗaure jaka sun tai biɗa, wani Abijan, wani Legas, wani Libiya ko Aljeriya. Duk shekara mafi ƙarfin masu taimako suna ɓacewa daidai lokacin sanyi da ya fi daɗin tuƙa keke. Ba laifinsu ba ne, neman abinci ne. Amma ƙungiyar da ta san haka bai kamata ta ɗora aiki guda bisa kan mutum guda ba, kowane aiki a sa mutum 2, in ɗaya ya tafi ɗaya na nan.

Yanzu ga babbar maganar, wadda don ita na fi son ku karanta. Ba don yawon Lahadi kaɗai munka kafa ƙungiyar ga ba, mun rubuta cewa za mu yi magana da yawun masu keke gaban hukuma. Mi munka yi? Sau ɗaya munka je. Munka rubuta takarda mai buƙata 17, hanyar keke ta musamman, filin tsere, kekunan tsere kyauta, kask ga kowane yaro, ofis, har da kwamfuta. Mutumin da ya amshe mu ya yi muna mutunci, ya ba mu kujeru da ruwa, ya karanta har ƙasa, sai ya tambaye mu, to cikin duk waɗannan wanne kuka fi so a fara da shi? Sai munka fara gardama tsakaninmu a gabanshi. Wani ya ce ofis, wani ya ce kekuna. Ya ce mu je mu daidaita mu dawo. Ba mu koma ba har yau, amma a fada sai ka ji muna cewa hukuma ta yi banza da mu. Ba ta yi banza da mu ba, dambu ne ya yi yawa bai ji mai ba.

In ni za a tambaya, abu ɗaya zan ce, rairayin gefen gudro. Wanda ke cikin mota bai san da shi ba. Iska ta kwaso shi, ruwan damina ya jawo shi daga lunguna ya zube bakin hanya, a hankali ya cinye daidai wurin da mai keke ke bi. Tayar keke siririya ce, tana shiga rairayi sai kan keken ya fara rawa, sai mutum ya kauce ya shigo tsakiya ba shiri, kuma tsakiyar nan ce hanyar kamiyo, masu siminti daga Malbaza, masu albasa, masu hawa Agadez da Arlit, ga kabu-kabu da adaidaita da ba su jiran kowa. Babba ma da ƙyar yake riƙe kan keke a wurin, bale yarinya ƴar shekara 12 da jakar lakwal a baya da ƙanenta zaune bisa kariya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu moto, wato mu. Kwashe rairayi bai buƙatar porje na miliyoyi, shebur ne da tsintsiya da baro da kuma wanda zai riƙa komawa yana tunatarwa. In an samu wannan, sai mu nemi tudun rage gudu, dodan ɗin nan, gaban lakwal guda da duk munka san ta fi hatsari. Sai daga baya wurin ɗaure keke a kasuwa, don ran Lahadi mutum na cinikin tumatir ido ɗaya na kan kekenshi.

Kuma kar mu je hannu sake. Mu yi gayya tukuna, kamar yadda iyayenmu sunka yi zamanin samariya, mu zaɓi yanki guda mu share da kanmu, mu ɗauki hoto kafin da bayan. Mutum 2 su tsaya ƙofar lakwal sati guda da kaye su ƙidaya yara nawa ke zuwa da keke, maza nawa mata nawa. Mu je wajen mai unguwa da liman da shugaban iyayen yara mu ce su raka mu. Wanda ya shiga ofis da lissafi a hannu da mai unguwa a gefe ba daidai yake da wanda ya shiga da mayo da takarda mai buƙata 17 ba. Kuma a sa mutum guda wanda aikinshi kawai komawa, duk sati 2 ya leƙa ya gaida mutane ya ce ina maganarmu ta kwana, ba faɗa, ba zagi a Facebook, naci kawai.

Samari na yawan turo mani bidiyon Holand suna cewa mushe dubi ƙasar mutane. E na gani. Amma ku bincika yadda anka yi. A 1971 mutum sama da 3000 sunka mutu a hanyoyinsu, cikinsu yara fiye da 400, iyaye ne sunka tashi sunka tare tituna suna cewa a daina kashe muna ɗiya, sai ga tsadar mai ta 1973 ta zo ta ƙara masu ƙarfi, a 1975 sunka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, sunka yi shekaru suna zaman renyo mai gundura da ƴan majalisar gari kafin a kai ga abin da kuke gani a salula. Mu ma irin wagga damar ta zo muna. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta yi tsada, sannan farkon 2025 da esans ya yi wuya anka yi ta dogon layi, kun ga yadda mutane sunka fiddo tsofaffin kekuna daga zaure sunka kakkaɓe ƙura, Baba mai faci har dare yake aiki. Lokacin ne ya kamata a ji muryarmu a rediyo, mu ce ga mu, ga yadda ake gyara, ga abin da muke roƙo. Muna can muna gardamar kalar sabon mayo.

Wanga ya kawo ni ga tambayar da na daɗe ina haɗiyewa, wai su wa muke wakilta? Ina son tsere kamar kowa, na yi ihu a fada ranar da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci rigar kore, ta wanda ya fi tara maki, a tseren Tour de France na 2024, na kalli gasar duniya da anka yi Kigali a 2025, karo na farko a Afirka, kuma na san maƙwabtanmu na Burkina suna Tour du Faso tun 1987, ina fatan wata rana yaron Tahoua ya tsaya a irin wurin. Amma masu keken tsere a garin ga ba su cika aji guda ba. Masu keke na gaskiya su ne mai kawo kayan lambu da asuba, mai itace, mai gadi da ke komawa gida bayan kwanan aiki, ɗan lise da ke tasowa daga Koloma, ɗalibin jami'a da ba shi da kuɗin kabu-kabu kullum, tsoho da tsohuwar Phoenix ɗinshi da ta girme ni. Ko ɗaya daga cikinsu ba shi cikin biro. Ba mu taɓa tambayarsu mi ke damunsu ba, kuma na tabbata ba za su ce filin tsere ba, za su ce rairayi da duhu da ɓarayi. Da kuɗin mayo munka sayi abin ƙyallin nan da ake liƙawa bayan keke munka raba masu, da an rage masu fargabar dare.

Ƴan mata kuma, kullum muna alfahari da su a hoto, musamman 13 ga Mayu ranar matan Nijar. Amma in an zo renyo aikinsu kawo ruwa da raba biskit. Akwai malama guda cikinmu, kun san ta, ita ce ke bi gida-gida tana shawo kan iyaye su bar ɗiyansu mata su hau keke, kuma uwa ta fi sakin jiki da ita bisa ga ni ko Alhaji sau goma. In za a yi zaɓe ni ita zan ba ƙuri'ata, ko sakatare ko ma sama da haka, in ta yarda. Ban shawarce ta ba kafin in rubuta wannan, malama ki yafe mani.

To abin da nake roƙo bai da yawa. A tsaida ranar zaɓe cikin wata guda, kuma wanda ya yi wa'adi 2 ya huta ya koma mai ba da shawara. A raba aikin da nake yi gida 3, mai takardu daban, mai shirya fitar Lahadi daban, mai riƙon shago da kayan gyara daban, don kar wanda zai gaje ni ya ƙone kamar ni cikin shekara 2. Duk wanda ya je atelye da sunan ƙungiya ya dawo ya ba da labari kuma ya sa wani abu cikin asusu, nawa ne sai mu tattauna. A fassara dokokinmu da Hausa a karanta ma kowa. A ba Baba mai faci kujera cikin biro ko da zai ce bai so. Alhaji, kai ne babba, kai ka ba mu shagon da muke aje kaya ba ka taɓa amsar haya ba, ba mu mance ba, in kai ka kira taron ga da bakinka mutane za su zo, ni na gwada sau 3.

Lahadi mai zuwa bayan la'asar ina nan ajin da munka saba. Zan zo da kaye 2 na sunayen membobi, da kashe, da resepise, da makullin shago, da jika 3 da dala 40 na cinikin tsofaffin tayoyi da ke hannuna tun watan jiya. Mai gadi ya ce zai sake dafa shayi amma wannan karon mu zo da sukari. Kuma don Allah wanda ya ɗauki babban famfon ƙungiya tun ranar dashen itace ta 3 ga Agusta ya taho da shi, ba za a tambaye shi komi ba.

Naku, sakatare mai shirin sauka,
Tahoua